Sunan da Ba Ya Hawa Takalmi

Duk wanda ya shiga gidan Malam a Ɗorawar Gabas, wani ƙauye da ke bayan titin Ɗanbatta, abin da zai fara gani idan ya wuce zaure shi ne takalma. Kambas farare a jere kan tsohuwar tabarma a inuwar darbejiya, kowanne an cusa masa tsumma ya wangale baki. Aikin Aina'u ne, matar Mika'ilu, ɗan Malam na uku.

Ba gadon sana'ar ta yi ba. Ita dai ɗinkin hula ta tashi da shi a ɗakin mahaifiyarta, har aka kawo ta gidan nan da gwangwanin zarenta. Shekara shida da suka wuce kambas ɗin makarantar 'yarta Ikilima ya ɓarke a babban yatsa, ta ɗinke, ta ga ɗinkin ya yi muni, sai ta rufe shi da ɗan fure na jan zare. Washegari yara huɗu suka biyo Ikilima gida, biyu daga cikinsu da gangan suka huda nasu.

Daga nan ta koyi halin kambas kamar yadda ake koyon halin miji. Ba ya son a jiƙa shi ya daɗe, gam ɗinsa sakewa yake yi. Ruwan ɗumi, omo kaɗan, tsohon buroshin haƙori. Robar gefe kuwa makilin ke fito da ita. Wanda ya sha jar ƙasar gona sai ta haɗa masa da lemon tsami. Kuma ba ta taɓa shanya shi a rana ba, don ta ce rana na mayar da farin kambas kamar haƙoran mai cin goro. Idan tafinsa ya ɗaga ta shafa gam, ta ɗora masa dutsen niƙa ya wuni a ƙasa, sannan ta bi shi da basilla da zaren buhu. 'Yan gwanjon kasuwar Ɗanbatta ma sun san ta, ko da yake ba su taɓa ganin fuskarta ba.

Idan mata suka tambaye ta, cewa take yi don sabulun yara take wannan wahala. Ba ƙarya ba ce, amma ba ita ce gaskiyar duka ba. Aina'u ba ta fita sai biki ko asibiti, ɗinkinta kuwa ya je Kano, ya je Kazaure, wani ma an ce har Kaduna. Duk takalmin da aka dawo mata da shi wanki, sai ta fara juya tafinsa ta duba irin ƙasar da ya kwaso. So take a tsayar da mutum a hanya a ce, wa ya yi maka wannan? Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, ko Mika'ilu.

Mutum ɗaya ne bai taɓa yabawa ba, kuma shi ne mai gidan. Malam na karantar da manya a zaure, bai so a ce gidan karatu ya koma rumfar gyaran takalmi ba. Da ƙyar Mika'ilu ya shawo kansa, ya yarda da sharaɗi guda.

“Ranar da takalmi ya jawo mini magana,” in ji shi, “ranar za a naɗe tabarmar nan.”

Malam ba ya maimaita magana, kuma ba ya manta ta.

A gidan babu mai faɗar sunansa na yanka, 'ya'ya da surukai da jikoki. Shi ya sa babban jikansa, wanda aka sa wa sunan, kowa ke kiransa Nababa tun ranar suna. Aina'u ta zo ta tarar ana cewa Nababa, ita ma ta ɗauka. Da za a tsare ta a ce mene ne ainihin sunan, sai ta ɗan yi tunani.

Nababan nan ne, wanda yanzu yake karatu a kwaleji a Bici, ya zo hutun ƙarshen mako da baƙar leda ya tsuguna kusa da tabarmarta.

“Anti, na kawo miki aikin da zai sa a san ki a Bici.”

Kambas ne na gwanjo mai dogon wuya, ya yi dauɗa amma yadinsa da ƙwari. Ya zaro takardu biyu. A kowacce ya kwafo wani zane daga waya, haruffan boko ne amma an lanƙwasa su an sarƙe, kowanne da jela da ƙaho.

“Wannan a dunduniyar hagu, wannan a ta dama. Da zare mai ruwan gwal.”

“Me aka rubuta?”

“Sitayil ne kawai, Anti. Ke dai ki bi layin.”

Kalmar Bici ce ta tsaya mata a rai. Ɗalibai ɗaruruwa, kowa da ƙafa biyu.

Kwana uku ta yi a kansa. Ta wanke, ta liƙe inda ya ɗaga, ta rina igiyoyin baƙi. Ta fara da na dama, haruffa huɗu, ba ta ko tsaya haɗa su ba. A na hagu ne, da ta gama harafi na uku, wani abu ya ɗan taɓa mata zuciya. Ta yi firamare har aji shida, ta san A, ta san B, ta san D. Sai ta karkatar da takalmin ta yadda rubutun zai koma a kife, ta ci gaba da ɗinki tana 'yar waƙarta. Ya yi kyau. Bai taɓa yi mata kyau haka ba.

Da Asabar ta zagayo, Nababa ya dawo gida, da hantsi ta jera su a tabarma, dunduniya na kallon tsakar gida. Rukayya, autar Malam, wadda take koyarwa a firamaren garin, ta shigo gaida gida. Ita kuwa ko kwalin ashana ta gani sai ta karanta.

“Kai, matar Yaya, yau kuma ƙwallon ƙafa za a je da gwal? Bari mu gani. Ab, dul.” Ta matsa ga na dama, muryarta a sake kamar tana gaban aji. “Ha…”

Ta toshe bakinta da hannu biyu. Saura kaɗan ta kira sunan ubanta a tsakar gidansa.

Daga zaure aka yi gyaran murya.

“Ƙarasa mana, Malama,” in ji Malam. “Wa ke nemana?”

Ba a jima ba aka kai takalman zaure. Malam na kan buzunsa, Nababa a tsaye yana sosa ƙeya, Aina'u a durƙushe bakin ƙofar ciki, ta ja mayafi har goshi. Tabarmarta take tunani, da dutsen niƙanta, da takalma bakwai na mutane da ba su bushe ba.

Malam bai iya boko ba. Ya sa Nababa ya nuna masa inda kowace gaɓa take.

“To, takwara,” ya ce. “Abdul a hagu, Hadi a dama. Ka san ma'anar sunan naka?”

“Bawan Mai Shiryarwa.”

“Madalla, ashe kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Wato ka raba bawa da Ubangijinsa, ka sa sunan Allah a dunduniya, za ka shiga kwata da shi, ka shiga banɗakin kwaleji. Ni nawa sunan ban ma zo kansa ba. Ka taɓa sa shi a ƙafa?”

“Wallahi ban sa ba, Malam. Ni ban kawo haka a raina ba. A makaranta kowa Abdul yake ce mini, shi ne na ce…”

“Kowa, ko wata?”

Rukayya ta fashe da dariya daga bayan ƙofa.

“Tsoho, ka bar maganar nan,” in ji Nababa, yana kallon rufin zaure.

“Ni ne tsoho? Da ta gan ni da ta san wane ne Abdul na asali.”

Sai ya juya wajen ƙofa, dariyar ta bar fuskarsa.

“Aina'u, ke kin karanta abin da kike ɗinkawa?”

Amsar na nan a shirye, mai sauƙi. Haruffan a murɗe suke, Rukayya ma sai da ta sunkuya. Ba wanda zai ƙaryata ta. Amma Malam ya yi shekara arba'in yana sauraron ɗalibai suna cewa sun yi tilawa alhali ba su yi ba.

“Na karanta uku, Baba,” ta ce. “Da na ga inda suka dosa, sai na juya takalmin.”

“Saboda me?”

“Ya yi kyau ne. Ban so in sani ba.”

Nababa ya so ya gyara lamarin.

“To a warware a sa Nababa mana, tunda shi kuke so. Na a hagu, Baba a dama.”

“Ka taka Baba kenan,” in ji Aina'u, kafin ta tuna a gaban wa take.

Malam ya yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi. Ya ce a kawo reza. Ya ce a warware a gabansa, kuma zaren kada a zuba shi a shara, a tattara a ƙona kamar yadda ake yi wa takardar da ke da rubutu. Daga yau kuma ba harafi a kan takalmi a gidan nan, na boko ko na ajami. Bai ce komai game da tabarma ba, ita kuma ba ta da bakin tambaya.

Rukayya ta tafi neman reza. Malam ya ɗauki na hagun, ya matso da shi kusa da ido, ya daɗe yana juya shi. Ya bi ɗinkin da babban yatsa a hankali, ya leƙa ciki ya ga yadda ta ɓoye ƙullin. Aina'u ta lura da yadda ya riƙe yadin tsakanin yatsu biyu. Ba riƙon mai kallo ba ne.

“Wa ya koya miki wannan sarƙar?”

“Innarmu, Baba.”

“Da hannunta mai kyau. Ni ma na ci abinci da allura shekara tara, wuyan riga nake yi, kafin a haifi uban wannan.” Ya nuna Nababa da haɓa. “Amma nan kin ja zaren da yawa. Kambas ba hula ba ne, tafiya ake yi da shi, zai cinye yadin. Ramukan da za su rage, zangarniyar gero za ta rufe su, ita ba ta da sunan kowa. Gobe idan za ki yi, ki sassauta hannu.”

“Gero?” in ji Nababa. “Malam, Bici fa zan shiga da shi!”

“Da me aka raine ka?”

Aina'u ba ta ji sauran gardamar ba. “Gobe” Malam ya ce, ashe ba za a naɗe tabarmar ba. Ta tashi ta koma tsakar gida, ta tarar inuwar darbejiya ta matsa, rana ta fara taɓa takalma biyu na gefe. Ta kama bakin tabarmar ta ja ta ciki.