Fulas ɗin Kawu Inuwa a Landan

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka ya san jan fulas ɗin Kawu Inuwa, mai murfi ɗaure da igiya. Shekara arba'in bai yarda rana ta faɗi ba sai wani baƙo ya sha shayinsa kyauta. "Sabil, ya Hajj!" Wato sadaka ce; ko ka rantse ka ƙoshi, sai ka sha.

Da ɗansa Habu ya gayyace shi Landan sunan jika, ni 'yar ƙanwarsa aka ce in raka shi, don ina jin Turanci. Fulas kuwa ya riga fasfo shiga jaka.

Muna sauka ya nemi ruwa. Da ya ji kuɗin, sai ya ajiye gorar a hankali kamar ƙwai.

"Hadiza, Zamzam ce?"

"A'a, Kawu, moya ce kawai, ruwan sha."

"Halas, na ƙoshi! Sama na zuba tun safe, su kuma suna sayarwa?"

A jirgin ƙasa ya ga kowa tsit, ya raɗa mini, "Wa ya rasu?" Da na nuna masa tsabtar tituna kuwa cewa ya yi, "Dole mana! Wa ke da kuɗin sayen abin da zai yar?"

Washegari ya dafa shayi ya tsaya a tashar bas. Duk wanda ya miƙa wa kofi sai ya kauce. Habu, kunya ta ishe shi, ya ce, "Baba, nan ba a karɓar abu a hannun wanda ba a sani ba."

"Ya waladi, in na san shi ai ba sabil ba ne!"

Ga sanyi, ga rana da ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu. Da farko dariya nake yi. Amma da na ga yana duban sama, kofi a hannunsa, wallahi sai tausayi ya kama ni. Abin shekara arba'in zai yanke a garin mutane.

Can sai ga wani tsohon Bature mai sharar titi. Ya jingine tsintsiya, ya karɓa, ya kurɓa, ya lumshe ido. Sannan ya sa hannu a aljihu.

"A'uzubillahi! Hadiza, ce masa ya mayar!"

Mutumin ya tambayi dalili.

"Ce masa daga Makka muka ji garinsu ya yi tsada, shi ne na kawo agaji."

Kofi uku ya sha, suna ta hira ba mai jin wani.

Har ya rasu, in an tambaye shi Landan sai ya ce, "Gari ne mai kyau, masha Allah. Amma mutum ɗaya ne a cikinsa."

Fulas ɗin yana wurina yanzu, kuma ina kewar mai shi ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi ruwan Alkausara, kyauta, yadda ya saba yi wa bayinsa.