Sai an Gama Rufin Gidan Abilio

Duk unguwarmu a garin Fall River babu wanda bai san Abilio Pacheco da tsaninsa na hawa rufi ba. Ya zo daga tsibirin São Miguel da akwati ɗaya, ya yi shekara goma sha biyu a masaƙa, ya sayi gida mai hawa uku. Shi da matarsa Zulmira suka zauna a ƙasa, 'yan haya a sama. Kuɗin haya ya sayi gida na biyu, na biyu ya haifi na uku. Kafin ka ce me, gidaje sun zama shida, amma rigar sanyinsa ɗaya ce tal, wallahi har mun gaji da ganinta.

Zulmira ba ta taɓa neman gwal ko mota ba. Roƙonta ɗaya ne: ya kai ta tsibiri ta ga yayarta Odilia.

"Baɗi, Mira," haka yake cewa. "Bari a gama rufin gidan can na kan kwana tukuna."

"Kai da rufin nan naka! Da kafinta na aura ma, ai da yana da ranar hutu."

In an gama rufi, tukunyar ɗumama gida ta mutu. In an canza ta, wani gidan ya fito kasuwa da araha, ina Abilio zai iya kawar da kai? Ba mugu ba ne, tsoro ke cinsa. Ya sha yunwa yana yaro, har ya tsufa gani yake tana bakin ƙofa tana jiransa.

Kowace shekara, kamar sauran matanmu, Zulmira kan cika ganga da tufafi da kofi da sabulu, ta aika wa Odilia ta jirgin ruwa. Ganga ta je tsibiri sau talatin da ɗaya. Mai cika ta ko sau ɗaya ba ta je ba.

Sai mantuwa ta fara shigarta. Ta zuba gishiri a kofi, ta riƙa kiran 'yan haya da sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa. Ranar da likita ya ce ciwon ba ya komawa baya, hankalin Abilio ya tashi. Ko gida bai biya ba, ya je ya sayi tikitin jirgin sama biyu, bai ma tsaya ciniki ba.

Ya same ta a kicin tana ninke tawul, tana warwarewa, tana sake ninkewa. Ya durƙusa gabanta, ya miƙa mata tikitin.

"Mira, ga shi. Ranar Asabar za mu wajen Odilia."

Ta jujjuya takardar, ta dube shi da irin fara'ar da ake yi wa baƙo.

"Allah sarki, bawan Allah, na gode. Amma mijina ba zai yarda ba. Ya ce sai an gama rufi."

Ta miƙa masa tikitin da hannu biyu, ta koma kan tawul ɗinta.