Addu'ar Mai Rake

Kwanakin baya ina wucewa ta gaban wani gareji a Yamai, sai makanike ya ɗaga guduma ya daki ƙarfen ƙafar kamyo, wato babbar motar kaya. Ƙarar ta tsayar da ni cak a tsakiyar hanya, har wani ɗan kabu-kabu ya yi mini tsaki. Na ji ƙararrawar manyan majami'u a Abijan da Kwatano da Marsai, wasu har waƙa suke yi, amma ba wadda take shiga ƙirjina kamar wannan mummunar ƙara. Irin ƙarfen nan ne ƙararrawarmu a Matameye ina ƙarami, yana rataye a itacen bedi, kuma kawuna ne mai buga shi.

Mu masu bin Almasihu a garin ba mu da yawa. Gidaje ne 'yan kaɗan, idan aka taru duka ba a cika rumfar zana ɗaya. Rumfar tana bayan gidan Kawu, katanga ɗaya da wani malami abokinsa tun na ƙuruciya. Muna da mai bishara da ya zo daga wajen Maraɗi, shi ke karatu, shi ke wa'azi, shi ke addu'a. Mu namu amin ne kawai, kuma mun iya ta.

Wata shekara, bayan kaka, sanyi ya shigo rake ya nuna, sai matar mai bishara ta kwanta ciwo, ya zama dole ya kai ta garinsu, bai san ranar dawowa ba. Ya tara manya ya ce idan ba wanda zai tsaya gaba ran Lahadi, rumfar nan ta mutu, don majami'a mafi kusa sai Damagaram. Kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin yatsun ƙafarsa. Sai ya nuna Kawu.

Ya kamata ka san Kawu. Ƙato ne, manomin rake a fadama ta wajen Tsauni, bai taɓa shiga lakwal ya yi boko ba, ga saurin fushi, ga in'ina. In'inar ba ta wasa ba ce. Idan ya fara gaishe ka da safe, kana iya ɗaure akuyarka ka dawo kafin ya kai ga tambayar iyali. Shi ya sa ya zaɓi ƙarfe, aikin da ba ya bukatar baki.

Mai bishara ya ce, "Na yi addu'a a kan wannan magana, kai aka nuna mini."

Kawu ya daɗe yana kokawa da harshensa, sannan ya ce, "A sa-sa-sake tambaya."

"Na sake. Masunta Yesu ya fara kira, ba masu iya baki ba."

Innata, wadda ƙanwar Kawu ce, ta ce ita za ta riƙa karatun Littafi, ko da yake da yatsa take bin layi. Addu'a kuwa ta Kawu ce. Mai bishara ya hau mota ya bar mu a haka.

Lahadin farko Kawu ya bugi ƙarfe da ƙarfin da bai taɓa yi ba. Muka taru, Inna ta yi karatu, aka rufe ido ana jiran addu'a. Shiru. Na buɗe ido ɗaya, ba Kawu, ba jakinsa. Ashe yana ajiye guduma ya zarce fadama ya shige cikin rake. Aka watse ba amin. Haka ya sake yi mako na gaba, sai mutane suka fara janyewa. Gida ɗaya suka ce su kam za su koma cin kasuwar Lahadi, wani dattijo ya fara tambayar wa zai ɗauki zanar idan an rushe rumfa, don dangarsa ta faɗi.

Malam ne ya tare shi da yamma a ƙofar gida, muna zaune ana shan rake. Ya ce, "Kai, mai rake, wannan wane irin addini ne? Ka dame ni da ƙarfe, ka tara bayin Allah, sannan ka gudu? Ai ko ladani ya kira salla tsayawa yake a yi da shi." Kawu ya nuna bakinsa. Malam ya ce, "Wane baki? Ran kasuwa daga zaurena nake jin ka, ban taɓa jin ya sarƙe ba."

Gaskiya ne, mu ne dai ba mu lura ba. Kawu yana da kirarin tallarsa, mai jan murya, da hannu a gefen baki: "Gaaa rake, ga zaƙi! Na fadama, mai ruwaaa!" In yana wannan, ko harafi ɗaya ba ya tuntuɓe. Na ga Inna ta daina tauna tana kallon yayanta.

Lahadin da ta biyo, tun da safe Inna ta aika da jakin Kawu can gidan ƙawarta, ta shimfiɗa tabarmarta a bakin rumfa ta tare hanya. Da aka gama karatu Kawu ya miƙe, zufa na zuba duk da sanyin. Ya ce, "Ya U-U-U..." ya tsaya. Ya sake, ya sake tsayawa. Dattijon nan ya ɗaga kai yana duban zana.

Inna ta ce a hankali, "Yaya, yi kamar kasuwa."

Ya harare ta. Sai muka ga hannun nan ya tashi zuwa gefen baki.

"Yaaa Uba, ga mu, ga mu! Ga marasa ƙarfi, ga marasa bakiii! Kai ka kira, mun zo!"

Kajin unguwa suka watse. Mu yara muka cusa riguna a baki. Amma addu'ar ta miƙe sumul, ya roƙa wa matar mai bishara sauƙi, ya roƙa wa gari zaman lafiya, har da Malam da iyalinsa.

Ana cikin haka sai ga wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo da kwano a hannu. Ita muryar kawai ta ji daga tsakar gidanta. Ta tsallake ƙafafun Inna ta ce, "Mai rake, yau nan ka kasa raken? Zaɓo mini mai kauri."

Rumfa ta fashe da dariya, har da dattijon. Kawu bai ko buɗe ido ba. "Ga baiwarka ta zo neman rakeee! Ka ba ta lafiya, ka ƙarfafa haƙoranta!" Tsohuwa ta ce, "Amin," ta nemi wuri ta zauna tana jira. Da ya rufe cikin sunan Yesu, ya shiga gida ya saro mata mai kauri. Ba wanda ya ƙara maganar zana.

Mai bishara ya dawo gab da bazara ya tarar da rumfa tana nan, har an ƙara mata tsawo. Ya saurari addu'ar kasuwa sau ɗaya, ya share ido, bai karɓi aikin daga hannun Kawu ba. Kawu ya ci gaba da shi har ƙarfinsa ya ƙare, kuma har ya rasu bai iya gaisuwar safe a miƙe ba.

Bara na je gida. Yanzu gini ne da rufin kwano da lasifika, ga fasto matashi mai karatu mai zurfi, yana juya Hausa da Faransanci ba gargada. Ƙarfen dai yana nan a bedi, ya yi tsatsa, ba mai buga shi. Ana gab da tashi fasto ya nuna ni ya ce baƙonmu dattijo zai rufe mana da addu'a. Ni da na yi tafinta tsakanin Bayarabe da Bazabarme da Bature, sai na fara laluben ƙofa da ido. Na ji kaina ina cewa, "A sake tambaya."

Wata tsohuwa daga bayana ta ce, "Jinin mai rake ne, a tare ƙofa."

Na miƙe.