Lawal, Wanda Ya Kawo Mini Ruwa a Tub ɗin Keke

Da safen nan labarin ya same ni. Lawal ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ɗansa Kabiru ne ya kira ni daga Kurfi, ina zaune da kofin shayi a hannu. Ya ce, "Baba, Allah Ya yi wa abokinka rasuwa bayan asuba. An ce kada a faɗa maka sai mun dawo daga maƙabarta, saboda ƙafarka." Na ce masa to. Na ce Allah Ya ba mu haƙuri. Na ajiye wayar, na ƙarasa shayin.

Har yanzu ban yi kuka ba. Maƙwabta suna ta shigowa yi mini gaisuwa, ina amsawa, amma kamar wani ne ke amsawa da bakina.

Yawancinku da ke bibiyata a nan ba ku san shi ba. Bai taɓa riƙe babbar waya ba, hoto ma ba ya so. Manomi ne ɗan Ɗantutture, daga baya ya koma cikin Kurfi da zama.

A farkon shekarun sittin muka haɗu. Ina sabon malamin firamare a Dutsin-Ma, shi kuma yana kawo gyaɗa kasuwa a bayan keke. A rumfar Oga Josef muka fara gaisawa, wani Kirista mutumin Kudu mai gyaran keke a bakin kasuwa. Lawal ya dubi kekena sabo fil, ya ce, "Malam, wannan daga gida zuwa makaranta kaɗai ya sani ko?"

Haka ya ja ni cikin yawon keke. Da zarar an gama aikin gona, ni kuma an ba mu hutu, sai mu ɗaura salkar ruwa da ƙuli-ƙuli da ɗan garin rogo a kariyar bayan keke, mu kama hanya. Mun je Malumfashi, mun je Funtuwa, mun je Daura. Ba fatauci, ba ziyarar kowa. Mutane suna cewa zafin rana ya taɓa mana kai.

In iska na bugo mu ta gaba, shi ne a gaba. In mun tsaya, tayata yake fara latsawa kafin tasa.

Wata bazara ya ce mu je Maraɗi. Yayarsa na aure can, rabonsa da ita tun yana yaro. Na ce zafi ya yi yawa, mu bari. Ya ce in ruwa ya sauka gona ba za ta sake shi ba, ni ma hutuna zai ƙare. Muka tafi.

Daga Kurfi muka bi ta Batsari don mu yanke zuwa Jibiya. Hanyar yashi ce, hawa kaɗan, turawa da yawa. Da rana ta take, kan keken ma ba ya taɓuwa sai an naɗe hannu da tsumma. Na ga gumi ya daina fito mini, na ɗauka sauƙi ne ya zo. Ashe ba sauƙi ba ne.

Abin da na iya tunawa, hanya ta yi fari fat a idona. Sai na farka a kwance gindin wata aduwa da ba ta da inuwar kirki. Lawal ya tuɓe rigarsa ya rataya tsakanin kekunanmu ya yi mini rumfa. Salkar da ke kariyata ta fashe da na faɗi. Ruwanmu duka yashi ya shanye.

Ya ce, "Isiyaku, kana ji na?"

Na ɗaga kai kawai. Harshena ya kafe.

Ya ce, "Akwai sawun shanu can, ba za a rasa rijiya ba. Kada ka yi barci. Ka yi ta ƙirga wayoyin tayar nan har in dawo."

Ina kallo ya kwance tayar gaban kekena, ya zaro tub ɗin da ke ciki, ya sa wuƙa ya yanka shi. Na so in ce ya bari, don ba mu da wani. Maganar ba ta fito ba. Ya hau nasa keken, ba riga, ya nufi cikin daji.

Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Na san dai inuwar rigar ta bar fuskata, kuma ba ni da ƙarfin bin ta.

Da ya dawo, tub ɗin na rataye a wuyansa, ya ɗaure bakinsa biyu, cike da ruwa. Wasu matan Fulani ne suka ja masa da gugarsu. Bai bar ni na kwankwaɗa ba. Ɗan kaɗan yake ɗiga mini a baki, ya jiƙa hularsa ya ɗora mini a ƙeya, ya jira, ya sake ɗigawa. Ruwan da ɗumi, ga warin roba. Bayansa duk ya yi jawur da rana.

Sai da la'asar na iya zama. Na ce, "To keken fa?"

Ya ce, "Mi ya samu keke?"

Ya tattaro busasshiyar ciyawa ya dinga cusawa cikin tayar, yana dannawa da sanda har ta ɗan yi tauri, ya mayar da ita. Sannan ya miƙo mini nasa keken. Na ce a'a. Ya ce, "Hau mu tahi, Malam. Gardamar ka bar ta sai mun samu inuwa."

A kan tayar ciyawar nan ya kai Jibiya. Duk ramin da ya faɗa sai na ji ƙarar ƙarfen daga inda nake. Washegari hannuwansa sun kumbura, ko kofi ba ya iya riƙewa da kyau. A can muka samu wani tub ɗin, muka huta, muka ƙarasa Maraɗi. Yayarsa ta gan shi ta rufe fuska da mayafi ta yi ta kuka, shi kuwa yana tambayar ta ko akwai fura.

Da muka dawo na ba Oga Josef labari. Ya girgiza kai ya ce da Hausarsa, "Wannan abokinka, ka riƙe shi da kyau." Lawal kuwa bai taɓa ba kowa labarin ba. In na ɗauko zancen a cikin mutane, sai ya ce ai zafin bana ya fi na waccan shekarar, ya canja magana.

Ranar sunan 'yata ta fari, tun daga Kurfi ya taho da ƙwarya cike da ƙwan zabi a cikin ƙaiƙayi, ɗaure a kariya. Ko ɗaya bai fashe ba, kuma sai da ya tabbatar kowa ya ji haka.

Da aka yi mini canjin wurin aiki, shi ke leƙa mahaifiyata a Dabawa. Ban roƙe shi ba. Daga bakinta na ji.

Farkon daminar nan na je Kurfi na gan shi. Yana zaune kan tabarma a ƙofar gida, idon ya yi rauni sosai. Da na yi sallama ya ce, "Wa nake ji kamar Malam Isiyaku?" Ya riƙe hannuna bai saki ba. Ba mu yi wata doguwar hira ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafata, ya yi ƙorafin taki. Muka yi azahar tare, dukanmu a zaune.

Da zan tafi ya ce, "Ka dawo in gero ya nuna, mu gasa tumu. Haƙoran ne dai babu, amma mu sha ƙamshi."

Na ce in sha Allahu.

Geron bai ma fitar da kai ba tukuna.

An ce mota za ta kai ni Kurfi bayan azahar. Na sa riga, na ɗauko sanda, ina zaune ina jira. Ban san abin da zan ce wa iyalinsa ba.

Ya Allah, ga bawanKa Lawal ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da iyayensa a Aljannar Firdausi. Ka ba 'ya'yansa da jikokinsa haƙuri, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Duk wanda ya karanta wannan, ko bai san shi ba, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a. Sunansa Lawal.