Sandunan da Fridolin Ya Kafa a Lambunsa

Ranar Talata, huɗu ga Nuwamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran maƙwabcina Fridolin Zweifel, tsohon direban jirgin ƙasa, yana da shekara saba'in da takwas. Matarsa Annelies ce ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da labarin. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In ɗora tukunya, in tsinci kaina a bakin taga ina kallon sandunan nan da ya kafa a lambunsa.

Fridolin, ba zan yi ƙarya don ka mutu ba: shekara biyu muna rigima. Kai kana so a sauya dokar gini, a yarda da bene hawa huɗu kewaye da tashar jirgi. Ni ce na bi gida-gida ina tara sa hannun masu ƙi. A ƙa'ida, mai shirin gini ne ke kafa dogayen sanduna don maƙwabta su ga tsayin abin da ke tafe. Kai ba abin da za ka gina, amma ka kafa huɗu a tsakiyar kabejin Annelies, wai kowa ya ga hawa huɗu da idonsa kafin ya tsorata.

Na tsaya a bakin shinge na ce, "Tsofai-tsofai da kai, ba ka jin kunya? Rana za ka tare mini?"

Ka ce, "Ranki ya daɗe alƙaliya, latas ɗinki ba zai mutu ba. Seraina ƙarfe nawa take fita aiki?"

Seraina 'yata ce, ma'aikaciyar jinya a Zurich. Nan aka haife ta, tafiyar minti uku daga tasha, amma ta rasa ɗakin haya ko ɗaya a garinmu. Can bayan duwatsu take zaune, kullum tuƙin awa ɗaya da rabi. Da ta yi ƙorafi na ce wahala ba ta kisa, haka na rene ta. Ashe ranar da ƙanƙara ta toshe hanya bara, kai ka ɗaura wa tayoyin motarka sarƙa don kada su zame, ka je ka ɗauko ta da jaririyarta. Ba ka taɓa faɗa mini ba. A bakin kabarinka ta gaya mini, ta ƙara da cewa in aka ƙi sauya dokar nan, za ta karɓi aiki a wata ƙasa, can Hamburg, ta tafi da jikata.

Ku 'yan unguwa da kuka cika coci kuna yabonsa, yabon mamaci ba ya cin ko sisi. 'Ya'yan wa suka rage a titin nan? Ku ƙirga. Ban cire kaina ba, ni ce a gabanku.

Alhamis mai zuwa ne taron gari, inda masu son a sauya dokar za su ɗaga hannu a ƙirga. Annelies ta tambaye ni ko a tuge sandunan kafin sanyi ya yi ƙarfi. Na ce ta bari. Jiya iska ta karkatar da ɗaya, na ɗauki igiyar shanyata na je na miƙar da ita. Waɗanda na sa suka sa hannu suna leƙena ta taga. Su leƙa. Ranar Alhamis ma za su ga hannuna a sama.

Allah ya jiƙanka, Fridolin, ya ba ka hutun da na hana ka. Annelies, da 'ya'yanku Jost da Rahel, Allah ya ba ku haƙurin rashi. Ni kuma, ku yafe mini.

Hedwig Tschudi