Akwatin Sifikar Malam Bari

Sunansa na gaskiya yana nan a katin aiki, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno shi. Tun yana ɗan makaranta, in tocila ta ƙi kamawa ko agogo ya tsaya, shi ne zai miƙo hannu ya ce, "Bari in gani." Rabin abubuwan da ya gani ba su ƙara tashi ba, amma sunan ya bi shi. Da ya yi gemu sai aka rage masa tsawo, ya koma Malam Bari.

Shekara goma sha tara ke nan yana riƙe da sito a wani kanti da ake sayar da firji da fanka da talabijin. Ya karɓi kaya, ya duba, ya jera, ya fitar. In an kai wa mai saye firjinsa, kwalin yakan dawo sito, shi kuwa Malam Bari bai taɓa iya jefar da kwali mai kyau ba. Sai ya warware shi, ya shimfiɗe, ya jingina a bayan ƙofa. Ya san halin kowanne. Na fanka laushi gare shi, na talabijin kyan fuska kawai, na firji kuwa mai ruɓi biyu ne, ko ka zauna a kansa ba ya lotsawa.

A gida su uku ne tun da 'ya'yansa mata biyu suka tafi karatu: shi, da matarsa tela, wadda kekenta ke bakin tagar falo, sai Inna mahaifiyarsa. Yayansa kafinta ne, shagonsa na ƙarshen layi. Autarsu kuwa ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasa mai nisa, rabonta da gida shekara shida.

Malam Bari yana da tsohuwar mota ruwan toka, wadda ƙofarta ta baya sai daga waje take buɗuwa. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya dame shi sifikunta ne, don sun daɗe da fashewa. In mai karanta labarai ya fara, sai ka ce kansa ya cusa cikin bokiti. Wata rana direban kantinsu ya ba shi kyautar wata babbar sifika, tsirararta, ba akwati. Ya jona mata waya, ya ɗora ta a kujerar baya, ya kunna. Ta yi ta rawa a kan kujera, muryar kuwa siririya kamar ta sauro.

"Sai da akwati," in ji direban. "Iskar da take turawa gaba da ta baya cinye juna suke yi. Raba su, ka ji murya."

Da yamma ya tsaya a shagon yayansa.

"Yaya, ɗan akwati nake so ka haɗa min."

"Abu mai sauƙi. Ajiye awon a nan."

Awon ya yi sati biyar a ƙarƙashin gwangwanin ƙusa. Kullum katakon kirki ake jira. Ran nan Malam Bari ya ɗauki takardarsa ya ninke, ya ce ba komai, zai yi da kwali. Yaya Kafinta ya yi dariya har fensirin kunnensa ya faɗi.

"Kwali? Kai Bari, sifika ce ko 'yan tsaki za ka kai kasuwa?"

Ranar Asabar da safe ya baje a tsakar gida. Ya ɗauki kwalin fanka, ya kifa murfin tukunya a kai ya zagaye da biro, ya yanke da reza, ya cusa sifikar, ya naɗe ko'ina da salatif. Kafin azahar ya gama, har yana fito. Ya kai mota ya kunna. Da gangar kiɗan rediyo ta buga sau ɗaya, akwatin ya kama kyarma, ya shiga zuu-zuu kamar an kulle ƙudan zuma a gwangwani.

Matarsa ta leƙo ta taga da allura a baki. "Malam, ka gama ne, ko yanzu za ka fara?"

Ya tsuguna ya ɗora tafin hannu a jikin kwalin, ya ji yadda bangon ke kumbura yana lotsawa, iska na tsiyaya ta kowace kusurwa. Nan ya gane laifin ba na kwali ba ne, nasa ne, don ya ɗauki mai laushi kuma ya yi gaggawa.

Karo na biyu sati guda ya ci. Ya kwaso kwalin firji, ya yanka kowane bango fallaye biyar. Da zai manna su sai ya riƙa saɓa layukan ciki, wannan a tsaye, wancan a kwance, yadda ba za su lanƙwashe tare ba. Gam ɗin katako kuwa daga shagon Yaya ya ɗebo a roba, lokacin da mai shagon ya fita. Ya danne fallayen da bulo huɗu kwana biyu. Da ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa, suka amsa kamar katako.

Kusurwoyi ne suka ba shi wahala, har matarsa ta gaji da kallo ta taso. Ta yayyago ƙyallaye, ta tsoma a gam, ta bi kowace mahaɗa ciki da waje tana shafewa da ɗan yatsa.

"Inda ɗinki ya haɗu, nan riga ke yagewa," in ji ta. "Matsa, kana tare min haske."

Sukuru ba ya kama kwali, sai ya huda ya sa noti, ya daddake murafen lemo ya tare bayansu. Ya farke wani tsohon matashin kai ya shimfiɗa audugar a ciki. Daga ƙarshe matar ta lulluɓe akwatin da ragowar yadin labule, ya fito shi da tagar falo kamar 'yan biyu. Malam Bari ya zaunar da shi a kujerar baya, ya ɗaura masa bel kamar fasinja.

Lokacin labaran yamma ya kunna. Muryar ta fito cikakkiya, mai kauri, har yana jin ta a ƙirji. Yana tsaye yana murmushi shi kaɗai sai ga Inna a bakin ƙofa da sandarta.

"Wane baƙo ne yake ta magana ba ku shigo da shi ba?"

Malam Bari ya juya ya dube ta. Shekara uku ke nan kunnen Inna yana ja da baya. Rediyon ɗakinta ta daina kunnawa. Saƙon muryar da Auta ke turowa kusan kullum ma ba ta ji, ko an manna mata wayar a kunne. Shi ke saurara, sannan ya ɗaga murya ya ce, "Ta ce tana gaishe ki!" Inna takan ce, "Duk wannan dogon surutun gaisuwa ce kawai?" Shi kuwa ina zai iya maimaita hirar minti bakwai da ihu?

"Inna, zo ki zauna," ya ce da ƙarfi. Ya buɗe mata ƙofa, ta shiga kusa da akwatin tana kallonsa a kaikaice. Ya jona wayarsa da rediyon, ya nemo saƙon jiya, ya danna.

"Inna, ina wuni? Yau na sha aiki, wallahi ƙafafuna kamar ba nawa ba..."

A hankali Inna ta ɗora hannu a kan yadin labulen, inda yake motsi. Auta ta yi ta zuba: ruwan sama, maƙwabciyarta mai kyanwa uku, takalmin da ta saya ya matse ta. Da saƙon ya ƙare Inna ta share ido da gefen mayafi.

"Yarinyar nan mura take yi," ta ce. "Ba ka ji hancinta ba? Kai kuma ka ce gaisuwa. Sake sa min."

Sau uku aka sake.

Daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Kafin ya dawo daga aiki Inna ta yafa mayafi tana jira a bakin ƙofa. Ba ya ko shiga gida. Ta zauna a baya, a sauke gilashi saboda zafi, Auta ta yi magana, Inna ta amsa wa akwatin kamar yana jinta, sannan Malam Bari ya danna mata ta yi nata saƙon. Abin da ba su lura ba shi ne duk layin na ji. Mai kantin da ke kallon gidansu har tambaya yake ko takalmin ya saki.

Wata Laraba Yaya Kafinta ya biyo, wai wucewa yake. Ya sunkuya ta taga ya gaida Inna, idonsa na kan akwatin. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya sake ƙwanƙwasawa, ya sansana.

"Wannan ai gam ɗina ne."

"Aro na yi, Yaya."

"Wa ya koya maka saɓa layi?"

Daidai nan sabon saƙo ya shigo, Malam Bari ya danna.

"Yaya Bari, wannan naka ne kai kaɗai, kada ka sa wa Inna. Na samu hutu, ina nan tafe ƙarshen wata, so nake ta gan ni kwatsam. Kuma don Allah kada Yaya Kafinta ya ji, ka san bakinsa ba ya riƙe magana. In ma ya ce zai gyara min gadon ɗakina, ka ce a'a, sai na zo na koma bai gama ba..."

Malam Bari ya kai hannu zai rage murya, ya murɗa ta inda ba shi ba. "Bai gama ba" ta fita har bakin titi. Mai kanti ya duƙa bayan teburinsa, kafaɗunsa na rawa. Inna kuwa guɗa ta rangaɗa, ba ruwanta da sauran zancen.

Yaya Kafinta ya miƙe, ya gyara fensirinsa. "Ni ne bakina ba ya riƙe magana? To wa ya gaya wa unguwa yanzu?" Ya juya ya tafi. Washegari da sassafe sai ga shi da guduma da zarto, ya shige ɗakin Auta. Kafin la'asar gado ya tsaya da ƙafafunsa huɗu.

Ranar da Auta ta iso, an yi wa Inna gargaɗi ta nuna mamaki. Ta ce to. Amma tun kafin yarinyar ta sauke jaka ta rungume ta tana cewa, "Kin yi latti, tun safe nake jira." Auta ta harari Malam Bari, shi kuma ya shiga duba tayar mota.

An zauna a falo, aka fara hira. Auta dama muryarta ƙasa-ƙasa ce, irin ta masu lallashin marasa lafiya. Inna ta yi ta "Na'am? Me ta ce?" har ta gaji, ta jawo sandarta.

"Ku tashi mu je mota."

Haka aka yi. Auta a kujerar gaba, ta kira wayar Malam Bari da tata, muryarta na fitowa ta akwatin da ke bayan ƙeyarta. Uwa da 'ya, tsakaninsu bai kai taku ɗaya ba, suna hira ta waya suna dariya. Auta ta zo mata da na'urar ji, 'yar mitsitsiya, ta koya mata sawa. Inna ta karɓa ta yi godiya, tana sa ta in za ta unguwa, amma ta ce tana sa muryar mutane ta zama kamar ta ƙarfe.

Bayan sati uku Auta ta koma. Kafin ta tafi ta bar wa Inna waya mai manyan maɓallai, ta nuna mata inda ake dannawa. Saƙon farko ya shigo washegari da yamma, minti goma sha ɗaya. Malam Bari ya buɗe mata ƙofa, ya jona wayar, zai zauna a mazauninsa, sai Inna ta ɗaga masa hannu.

"Ɗaga gilashin nan, ka ba mu wuri. Maganar mata ce."

Ya ɗaga gilashi, ya kunna mata 'yar fankar mota, ya fito. Ya ɗan tsaya a rana da jakar aikinsa a hannu, sannan ya tsallaka wajen mai kanti, wanda ya riga ya jawo masa benci.