Waƙoƙin da Na Hana Sifika

Ni ne mai laifi, kuma ba laifin rashin sani ba ne. Ina sane na yi wa aminina ƙarya, ƙaryar kuma ta kashe waƙoƙinsa tun ba su fita ƙofar shagona ba.

A lokacin ina da shagon tura waƙoƙi da finafinai a Gyaɗi-Gyaɗi cikin Kano, a kan hanyar da ma'aikatan asibiti ke bi in sun tashi aiki. Kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, sai sifika a bakin ƙofa. Wanda bai yi sana'ar ba ba zai san ƙarfin sifikar nan ba. Ba kowa ke zuwa da sunan waƙa a bakinsa ba. Mutum yana wucewa zai ji wani abu na tashi, ya ja birki, ya miƙo memori ya ce, "Tura min wannan." Abin da muka sa shi unguwa ke ji. Abin da muka hana, ko da zinare aka ƙera shi, a cikin kwamfuta zai ruɓe.

Tare muka taso da aminin nan nawa. Yana karatun aikin jinya, amma ransa na wajen waƙa. Ya haɗu da wani ɗan adaidaita daga wajen Damagaram mai kaɗa jitar lantarki, da wani mai walda na Unguwa Uku da ya harhaɗa ganguna da hannunsa. Ranar Lahadi, in babu aiki a wani gareji a Tarauni, sai su tayar da janareta su yi ta kiɗa a tsakanin motocin da aka cire wa taya. Kiɗan rok irin na Turawa suke yi, amma da Hausa. Akwai waƙarsu a kan matar da ke jinyar mijinta a barandar asibiti, akwai ta direban da ya manta hanyar garinsu. Jitar tana kuka kamar ana yanka ƙarfe, alhali gari kaf ya koma waƙar fiyano da muryar da na'ura ta matse.

Da suka naɗi waƙoƙin, da kansa ya kawo min.

"Mutumina, ba na neman komai," in ji shi. "Sifika kawai. Ka sa, in mutane sun ƙi, mun haƙura."

Na ce an gama. Da ya tafi na toshe kunnena da abin sauraro na kunna, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Amma da na leƙa waje na hango 'yan majalisar mai shayi, sai na tuna bakinsu. Za su ce na fara sa kiɗan 'yan shaye-shaye. Maganar za ta kai kunnen Alhajin da ya ba ni hayar shago. Sai na cusa waƙoƙin a wani lungu na kwamfuta, na ci gaba da sa abin da kowa ke sawa.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo, da fararen kayan makaranta a jikinsa.

"Yaya ake ciki? An tambaya?"

"Na sa har na gaji," na ce. "Wani ma tambayata ya yi ko janaretana ne ya lalace."

Na yi dariya don ya yi. Bai yi ba. Ya ce, "To, na gode da ka gwada."

Daga nan suka watse. Mai jita ya sayar da ita ya koma gida. Mai walda ya yanka ƙarafan gangunan ya yi murhu da su. Aminina ya gama karatu ya kama aiki, bai ƙara rera komai ba, ko a bikinsa. In zancen ya taso sai ya ce, "Ai gari ya riga ya yanke hukunci." Ina zaune kusa da shi nake jin haka, na kuwa san gari bai taɓa zaman shari'ar ba.

Shekaru suka tafi, sana'ar turi ta ja baya, na koma gyaran waya da sayar da caja. Wata rana ina kwashe kaya daga tsohuwar kwamfutar kafin ta mutu, na danna wata waƙa don in ga mece ce, ashe sifika na jone. Jitar nan ta tsaga titi. Kafin in kai hannu in kashe, wani direban bas da ke jiran wayarsa ya ce, "Malam, tsaya! Su wane ne waɗannan? Tura min." Wata nas ma ta tsaya a bakin ƙofa har waƙar ta ƙare.

Daga majalisa wani dattijo ya ɗaga murya: "Kai, gareji ka buɗe a shagon?"

"Baba, sai haƙuri," na ce. "Yau garejin ba zai tashi da wuri ba."

Na ƙara murya. Tun daga ranar kullum sai na sa su, kuma duk wayar da na gyara sai na zuba mata su kyauta a matsayin gyara. Wanda ba ya so, ya goge, amma sai ya ji tukuna. An kira ni tsohon banza, an ce girma ya zo hankali bai zo ba. Su faɗa. Ina nan a kan bakana: a shekarun nan ban ji waƙar da ta kai waɗannan a Kano ba, kuma ni na san abin da nake faɗa, don tulin waɗanda muka cika wa mutane waya da su, yau ko mai su ba ya tuna amshinsu.

Rannan bayan La'asar sai ga aminina a shago, yana dariyar da na daɗe ban gani ba.

"Mutumina, jiya na hau adaidaita na ji muryata! Na zaci na zare. Ka ga ikon Allah, gari ya canza, yanzu suna so."

Da na yi shiru da shi ke nan, ya tafi da farin cikinsa, ni kuma na zama gwarzo. Na rage sifikar, na jawo masa benci.

"Gari bai canza ba," na ce. "Ba su taɓa ji ba ne. Ban sa ba a wancan lokacin, ko sau ɗaya. Na saurara ni kaɗai, na san suna da kyau, na ji tsoron bakin mutane na ɓoye, sannan na ƙirƙiri maganar janareta. Ba Kano ce ta ƙi ku ba, ni ne. Abin da na raba ku da shi ba zan iya mayar muku ba. Don girman Allah ka yafe min."